Kyamarar da Na Kafa a Tsakar Gidan Inna

Shekarun baya, lokacin ina sabon ma'aikaci a wani buro, wato ofis, a Birnin Konni, gyaran kwamfuta ne aikina, kuma zazzaɓin Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta ta kyauta, ya kama ni sosai. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha wa'azi. Abokina har cewa yake ko gaisuwar mutuwa na je sai na san yadda na sako zancen.

A wata damina mahaifiyata ta zame a bakin makewayi, can ƙauyenmu wajen Tajaye. Ita kaɗai ce a gidan tun rasuwar mahaifinmu, ƙannena maza sun tafi bida, wato ci-rani, matan suna gidajen aurensu. Aminiyarta da muke kira Gwaggo ce ta shigo ta tarar da ita a ƙasa. Allah ya tsare ba karaya, amma hankalina ya tashi ƙwarai. Na roƙe ta ta dawo Konni wurina.

Ta ce, "In bar ɗakina in tahi in zamna ina kallon bango? Ba inda za ni."

To, sai na yi abin da na iya. Na ce zan kafa kyamara, in riƙa ganinta daga wayata. Irin kyamarorin kasuwa masu aika hotuna wurin kamfani kuwa na ƙi su, ai ni mai aƙida ne. Abokina ya ce in nemi 'yar ƙaramar kwamfutar nan da ba ta wuce tafin hannu ba. Na ce in ta lalace a ƙauye wa zai samo mini wata? Tsohuwar kwamfutar cinya na saya, tana da batirinta, kayan gyaranta kuma ba sa wuyar samu. Na zuba mata Linux, na sa mata diski na ajiye hotuna, na ɗora sola a kan ɗaki, na haɗa da 'yar na'ura mai layin waya. Kyamarar na maƙala ta a bangon ɗakin Inna, tana kallon tsakar gida da gindin bishiyar dogon yaro. Matsala ta farko ma daga Inna ta zo: ta lulluɓe kwamfutar da zane kamar yadda take rufe kwanoninta, kwamfutar ta yi zafi ta mutu, sai da na dawo na yi lallashi.

Bayan nan abu ya yi kyau. In buɗe waya a buro in gan ta tana shara, in ga mata sun cika tabarma suna ɓarar wake. Kaina ya kumbura. Wata ranar kasuwar Badaguishiri na haɗu da wani ɗan garinmu, mijin 'yar Gwaggo, bakina ya ƙi shiru. Na ce zo ka ga ikon Allah, ga gidanmu nan a hannuna. Ya leƙa. Ga matarsa zaune, zane ɗaure a ƙirji saboda zafi, kai ba ɗankwali. Ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba, ya ce lallai zamani ya zo, muka rabu. Ni ko a jikina.

Daga makon nan tabarmar ta fara yin fili. Da farko har daɗi na ji, na ce Inna ta samu hutu. Sannu a hankali na lura ita kaɗai take cin tuwo, tana yi wa awaki magana, da an taɓa ƙyaure sai ta ɗaga kai da sauri sannan ta mayar. In na kira ta ce lafiya lau. Amma ina ganinta, kuma abin da nake gani ya dame ni. Na hau mota na tafi gida.

Gwaggo na fara nema. A ƙofar gidanmu ta tsaya, ta ƙi shiga.

Na ce, "Gwaggo, me Inna ta yi muku?"

Ta ce, "Uwarka ba ta yi muna komi ba. Kai da na goya, in za ka shigo gidan ga, ba sallama kake ba? Mu gyara lulluɓi, mu ce shigo. To wanga abu naka, yaushe ya taɓa yin sallama?"

Na shiga bayani. Na ce hotunan ba sa zuwa wurin kowane kamfani, a cikin gidan nan suke kwana, ni kaɗai ke da mabuɗin.

Ta ce, "Ni ban san kamfani ba. Na dai san surukina ya ga matatai a kasuwar Badaguishiri, ita ko tana zamne nan."

Inna da ke jin mu daga ciki ta ce, a hankali, "Ɗana, in ka gane ni kwance cikin salularka, kahin ka samu mota daga Konni, wa za ya ɗaga ni?"

A gabansu na hau turmi na cire kyamarar. Na zaci an gama. Gwaggo ta ce, "Waɗanda ta riga ta haɗiye hwa?"

Na kwance kwamfutar na zaro diskin. A nan ne na yi jinkiri, don a cikinsa akwai kwanakin farko, kuma ba ni da wani hoton Inna mai motsi sai su. Na yi tunanin in kwafi ko ɗan guntu inda take dariya, ita kaɗai, ba kowa. Sai na tuna babu irinsa. Duk inda ta yi dariya suna tare da ita. Na miƙa wa Gwaggo. Ta ƙulle shi a gefen mayafi, ta zagaya bayan gida, ta jefa a masai.

Ba ranar matan suka dawo ba. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa shigowa, suna ɗaga kai suna duban bango, har suka manta.

Har yau ina nan da Linux ɗina, ina kuma kafa wa mutane kyamara a ƙofar shago da garejin mota. Amma in wani ya ce tsakar gida yake so, sai na tambaye shi su wa ke zama a wurin, ko ya tambaye su. Inna ta rasu bayan wasu shekaru. 'Yata takan ce in nuna mata yadda kakarta take dariya, ba ni da abin nunawa, kuma abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Ranar rasuwar ban iso da wuri ba. Da na shiga ina kuka ina tambayar ko ta sha wahala, Gwaggo ta kama hannuna ta ce, "Bar kuka. Kanta bisa cinyata yake, ɗakin cike da mu."