Mainasara Mai Dakon Duwatsu

A wata tunga da ke gindin tudu, gabas da Magarya ta ƙasar Wurno, aka haifi Mainasara. Wansa Halliru ne ya gaji gidan ubansu da gonar geron da ke bayansa. Shi kuwa Mainasara jakuna biyu ya samu, da ƙafar da ba ta san gajiya ba. Da su yake kai albasa kasuwar Goronyo, ya komo da gishiri da kanwa.

A zamanin Turawa, kafin babban yaƙinsu na biyu, wani Bature ya shigo ƙasar yana binciken duwatsu. Mutane suka laƙa masa Mai Guduma, don ba ya wuce dutse bai ƙwanƙwasa shi ba. Aka nemi mai jakin da zai ɗaukar masa kaya, aka nuna Mainasara. Rani guda suka yi tare, daga tuddan Wurno zuwa Rabah, har gaɓar gulbin Rima. Duk garin da suka ratsa sai an yi masa dariya, a ce ga wanda ya bar albasa ya koma dakon tsakuwa.

Bai damu ba, domin idonsa ya fara buɗewa. Mai Guduma yana jin Hausa, ko da yake ta hanci yake fitar da ita. Ya ba shi labarin ƙasarsu, inda ƙanƙara ta taɓa tafiya a hankali tana sassaƙe duwatsu, da wasu ƙasashen inda dutse ke aman wuta. Na nan kuwa, in ji shi, teku ce ta shimfiɗa su. Ya fasa wani farin dutse, sai ga haƙorin kifi a ciki, a kan tudun da ko raɓa ba ta daɗewa. Mainasara ya juya shi a tafin hannu, ya ce, "Allah mai iko."

Dab da faɗuwar damina aiki ya kawo su tudun da ke bisa tungarsu. A can sama akwai wata tsaga da ta bi gefen tudun, wadda kowa ya sani tun yana kiwon awaki. Baturen ya daɗe yana dubanta, sa'an nan ya sauko da Mainasara ya nuna masa jikin tudun: jar marmara a sama, farin dutse a tsakiya, a ƙasa kuma wata laka mai ruwan toka. Ya zuba mata ruwan gora, ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ruwan sama, in ji shi, ta tsagar nan yake shiga har ya tarar da lakar, kuma ran da ta ƙoshi, abin da ke kanta zai zame. Mainasara ya dubi ƙasa. Rufin ɗakin Halliru ne daidai ƙarƙashinsu, ga 'ya'yansa suna wasa a tsakar gida.

Baturen ya ce zai sanar da hukuma. Ko ya sanar ko bai sanar ba, tunga dai ba ta ji komai ba. Abin da ya bar wa Mainasara dabara ce: ya yanki sanda ya tokare bakin tsagar da ita. In ta faɗa, tsaga ta ƙara buɗewa.

Ruwan shuka ya sauka, sandar da Mainasara ya tokara ta faɗa. Ya yanko wadda ta fi ta tsawo. Kafin a gama noman fari ita ma ta faɗa.

Amma ƙane ba ya ce wa wansa ya tashi daga gidan uba, inda aka binne cibiyarsu duka. Ya gwada kewaye-kewaye, ya ce, "Yaya, tudun ga kamar shina motsi." Halliru ko ɗaga kai bai yi ba daga igiyar da yake tufka. "Dutse ka ɗauka hat ya hau maka kai," ya ce. Magana ta mutu a nan.

Sai Mainasara ya tuna da Habi, ɗiyar gwaggonsu, mai ƙuli-ƙuli a Magarya. Taubashiyarsu ce, kuma tsakanin taubasai babu maganar da ba ta faɗuwa. Ya je ya same ta, ya gaya mata komai.

Washegari da hantsi ta iso, ta tarar da Halliru cikin dattawa a inuwar bedi.

"Bawana, an ce tsuhwa ta kama ka, ko tudu ba ka iya hawa."

"Wa ya hwaɗi? Ke da ƙuli-ƙulinki ke karya haƙoran mutane?"

"Naka ai sun zube da kansu. Tsagar can da kaka ƙetarewa kana yaro, in ka ƙetare ta yau, ni ka yi maka surhe har kaka."

"Mi? Wagga 'yar tsaga? Ku taho ku yi shaida!"

Dattawa suka bi su suna dariya. Mainasara ya biyo a baya. Da suka kai sama Halliru ya tattare riga, ya matso bakin tsagar, sai ya tsaya. Abin da ya sani taki ɗaya ne, yanzu jaki zai faɗa ciki da kayansa. Dariya ta ɗauke. Ya jefa tsakuwa, aka daɗe kafin a ji saukarta. Ya leƙa gidansa a ƙasa, sa'an nan ya waiwayi ƙanensa.

"Tun yaushe?"

"Tun ruwan shuka, Yaya."

Halliru ya saki rigarsa. "Habi, kin ci. Mainasara, ɗauro jakunanka."

Da bakinsa ya yi wa tunga shela, aka yi gayya, aka kwashe gidajen gindin tudu zuwa fako. Jakunan Mainasara suka yi ta jigilar azara da tukwane da sauran hatsin rumbu. Wasu suka tafi suna gunaguni, kuma damina ta ƙare tudu yana tsaye, gunagunin ya ƙaru. Halliru ne ya hana kowa komawa.

A damina ta gaba, cikin marka, da rana tsaka, aka ji ƙara kamar tsawa ta fito daga ƙarƙashin ƙasa. Gefen tudun ya sauko gaba ɗaya, ya rufe kangayen har ba a ganin katanga. Mutane suka fito fako suna salati, iyaye suna laluben 'ya'yansu. Kowa yana nan. Halliru ya tsaya cikin ruwa yana duban inda ɗakin ubansu yake a da, ya daɗe, sa'an nan ya kama hannun ƙanensa a gaban jama'a, bai sake shi ba.

Mainasara ya koma dakon albasarsa har ƙarfinsa ya ƙare. Jikokin waɗanda suka tashi a wancan lokaci suna nan a fakon, suna noman gero, kuma sunan da suke kiran unguwarsu da shi shi ne Tungar Mainasara.