Hannun Kaka a Ƙarƙashin Layin Dogo

Asabar: Kaduna zuwa Minna

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar gida, da tocila biyu a jaka da ƙaramin shebur a buhu. Yaya Sani ya raka ni tasha yana tsiya: "Hajara, ki gaida mana jemagu." Baba na kwance, idanunsa sun tafi, kuma magana ɗaya yake nanatawa: mahaifinsa, maginin layin dogo, ya danna tafinsa a ɗanyen siminti cikin wani ramin ruwa a ƙarƙashin layin dogo a Minna. Ba hotonsa, ba wanda ya san kabarinsa. 'Yan gida sun ce rikicin tsufa ne, abin kuma yana cin Baba. Ni kuwa da an ce abu ba zai yiwu ba, nan nake kafewa.

A shingen bincike kusa da Tafa jami'i ya zaro shebur. "Hajiya, zinari za ki haƙa?"

"Kakana zan tono, ranka ya daɗe."

Ya mayar da shi buhu da sauri, ya ce mu wuce. A Lambata na ci soyayyar doya ta ɗari biyar. Ɗaya da rabi muka shiga Minna, na sauka gidan Baba Danladi, ɗan Gbagyi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da wata abokiyar aikina ta haɗa mu. Matarsa, Mama Ladi, maginiyar tukwane, ta cika ni da sakwara.

Lahadi: cikin rami

Sai da Baba Danladi ya dawo daga coci, sha ɗaya da rabi, muka gangara bayan tashar jirgi. Bakin ramin na dutse ne, ya sha shara, ruwa ya ƙafe don bazara ce. Baba Danladi ya ce maginan da, in sun gama aiki, babbansu kan bar tafinsa a bango, don in gini ya faɗi a san wanda za a tuhuma.

Muka shiga a sunkuye. Wari, duhu, jemagun Yaya Sani kuwa sun amsa gaisuwa. Tun a gida Babana ya ce min bangon dama ne, tsakiyar rami, daidai ƙirjin mutum. Taku saba'in ne tsawonsa. Sau uku na bi shi ina haskawa, ina shafawa. Babu komai.

"'Yata, mu fita," in ji Baba Danladi. "Wataƙila wani rami ne."

Wallahi raina ya ɓaci, har ƙwalla ta zo. Na miƙe don in huta, kaina ya bugi rufi. Zafin bai gama sauka ba na tuna: Babana ya ce a kafaɗa mahaifinsa ya ɗauke shi suka shiga. Wa zai saɓa yaro a inda ni guntuwa ban iya tsayuwa?

"Baba Danladi, ƙasa ce ta hau. Yashin damina ya binne shi."

Ya karɓi tocilar. Na durƙusa na kama haƙa a taku na talatin da biyar. Kusan awa biyu, tafina ya yi kanta, na matsa gaba, na dawo baya. Can yatsana ya faɗa wani gurbi. Na share da gefen gyalena. Tafin hannu ne, yatsu huɗu, babu ƙaramin. Dutse ya datse wa Kaka shi, kowa a gidanmu ya san haka.

Na ɗauki hoto, sai jikina ya yi sanyi. Me makaho zai yi da hoto? Baba Danladi ya koma gida ya roƙo min yumɓu wajen Mama Ladi. Muka danna a gurbin, muka ɓamɓaro a hankali, sai ga hannu ya fito tudu.

Litinin: gida

Shida na safe na kama hanya, yumɓun na cikin kwano a cinyata, na hana kwandasta ko taɓa shi. Biyu da minti ashirin na iso, na gode wa Allah. Baba Danladi da Mama Ladi, Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci.

Yaya Sani na bakin gado na ɗora hannun Baba a kan yumɓun. Baba ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya inda babu na biyar. Sai ya shimfiɗa tafinsa duka a kai, kamar mai gaisawa.

"Baba," ya ce da hannun mahaifinsa, "na same ka lafiya?"