Neman Hayaƙi a Sabbin Gidajen Bacirawa

Wata tsohuwa ce tsaye a bakin sabbin gidajen Bacirawa, ƙullin daddawa a ka, kaza a hammata. Kaushin ƙafarta kaɗai ya isa ya gaya maka manomiya ce, wataƙila daga Tsanyawa. Ta ce wa maigadi 'yarta ce ta haihu a ciki, amma gidajen duk ƙofa iri ɗaya, fenti iri ɗaya. Ba lamba take dubawa ba, sama take kallo, tana neman hayaƙin ruwan wankan jego.

"Gidajen nan irin na Turai ne, Inna," in ji maigadin. "Da lantarki ake dafa ruwa."

Ta ƙare wa gidajen kallo. Ba rumbu, ba turken akuya, ba zaure.

"Allah sarki Turawa," ta ce, "ashe haka suke fama!"

Sai ta bi layin a hankali, tana kasa kunne ko za ta jiyo kukan jikanta.