Rigar da Ba Ta Kai Makka Ba

Wata safiya a watan Fabrairu na 1979, 'yan kwanaki da fara harbe-harbe a Injamena, na fito da tsintsiya a hannu, sai na ga malamin ajinmu, Mushe Daniyel (Mushe muke ce wa malami da Faransanci), tsaye a tsakar gidanmu na unguwar Bololo cikin babbar rigar kakana. Shekarata tara a lokacin. Na rasa abin yi, in gaishe shi da Faransanci ne ko in ruga in gaya wa kakata Iya cewa an buɗe mata adaka.

Rigar nan ba abin wasa ba ce a gidanmu. Saƙi ce, rinin shuni, da aikin aska takwas a ƙirji da aljihu wanda kaza za ta iya kwana a ciki. Kakana ya taso da ita a ƙafa daga Kano ya nufi Makka, da niyyar sa ta ranar da zai shiga Madina. Guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya kama fawa, ya auri Iya, har ya rasu bai ƙarasa ba. Baba ya gaji wuƙa, ya gaji riga, ba ya kuma sa ta sai ranar Salla ko suna. Aikina ne in shanya ta a inuwa, in turara ta, mu ninke ni da Iya. Ranar da na taɓa ta da maiƙon kitse a hannu, na sha rankwashin da har yau nake tunawa.

Dama kwanakin nan tufafi sun gama ruɗa ni. Yau a ce wa yayana ya naɗa kadamul, rawanin da mutanen arewa ke rufe fuska da shi, gobe a ce ya cire kar a ɗauke shi mayaƙi. Ba wanda ya yi mini bayani. Abin da na tsinta a bakin manya shi ne, a unguwarmu mutumin kudu mai wando da shat ba ya wuce shingen masu bindiga, kuma Mushe mutumin kudu ne, maƙwabcinmu, haya yake. Shi ne fa mai ce mana a lakwal, wato makaranta, babbar riga tana hana mutum aiki. To ga shi a cikinta, Baba na naɗa masa rawani don ya raka shi bakin ruwa ya haye Kusiri, garin da ke tsallaken iyaka.

Har sun doshi zaure dariya ta kuɓuce mini. Baba ya juyo da idon da na sani, na nuna da yatsa na ce, "Mushe ya sa aljihu a baya." Garin sauri ba wanda ya lura ya sa gaban rigar a baya, abin da ko ɗan yaye na Hausa zai gane daga nesa. Aka juya masa ita. Sai kuma ga hannayen rigar na jan ƙasa, bai iya saɓa su a kafaɗa ba. Iya ta ce in nuna masa, tunda ni ke kwaikwayon tafiyar Baba in ba ya nan. Haka na tsaya ina gyara wa mutumin da ya saba dukana a kan karatu, yana maimaitawa, yana ce mini "to". Kunya ta kama ni, tsoro ma ya kama ni.

Da azahar Baba ya dawo shi kaɗai, ba riga. Ya ce a shinge an kira Mushe da Alhaji, ya saɓa riga ya wuce, shi Baba kuma ya gan shi ya shiga kwalekwale. Ni ban gane komai ba, kuka kawai nake kan adakar da ta zama fanko. Iya ta rufe ta, ta ce, "Makka ta nufa ba ta kai ba, wataƙila wannan ne hajjinta."

Ba mu sake jin labarin Mushe ba. Yanzu 'ya'yana na sa manyan riguna aikin keke, su sa sau biyu su ce an daina yayi, ni kuwa ƙamshin waccan adaka nake nema. Har yau in na ga dattijo riga na zame masa daga kafaɗa, sai na tsaya na dubi fuskarsa.