Agogon da Ɗana Ya Kawo wa Ubansa

Na ce wa maƙwabciyata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta sassauta.

Ɗana na fari, wanda bakina bai taɓa kiran sunansa ba, fiziks ya karanta. Ya daɗe yana koyarwa nan Sakkwato, kullum da la'asar sai ya biyo ta Ƙofar Dundaye ya gaishe mu. Daga baya ya ajiye alli, ya koma aikin tattara alƙaluma a kwamfuta. Aikin ya kai shi Legas, wurin masu binciken agogon da ke auna bugun zuciya.

Ya kawo wa ubansa ɗaya. Malam dillalin shanu ne, kuma ba a yaba abin hannunsa sau biyu. Ƙanensa ya yaba agogon a kara, kasuwar shanu, nan take Malam ya kwance ya ɗaura masa. Ya ce kada in faɗa wa yaron, ransa zai ɓaci. Na yi shiru, don ni a wurina agogo agogo ne.

Da damina Malam ya fara haki. Daga ɗaki zuwa wurin alwala sai ya dafa bango. Na sa aka kira min yaron. Kunyar ɗan fari ta hana ni roƙonsa ya zo, na dai ce jikin tsoho sai a hankali. Ya ce, "Inna, ga zuciyar Baba nan gabana, lafiya lau. Jiya ma ya sha tafiya kamar saurayi." Ban san agogon ne ke kai masa labari ba. Sau uku ina kira, sau uku kwamfuta ta ƙaryata ni, ni da na yi shekara arba'in ina jin numfashin mutumin nan.

Ranar Talata da hantsi Malam ya cika. Da aka gaya wa yaron, cewa ya yi ba zai yiwu ba, ga zuciyar nan tana bugawa. Tana bugawa kuwa, a jikin baffansa, yana cikin masu ɗaukar makara.

Har yau kuka nake, ban ɓoye ba. Ina jin haushin bakina, amma ba kamar haushin wanda ya yarda da gilashi ya bar uwarsa ba.

Bayan arba'in ya durƙusa gabana da wani agogon, wai don ya riƙa sanin lafiyata. Na ce, "Mi zan yi da wanga? In kana son sanin ko ina da rai, ka zo ka duba."

Agogon na nan cikin kwalinsa. Kullum yaron yana bugo waya, ni kuma ba na ɗauka. Ya san hanyar gida.