Takwaran Baba

Sunan mahaifina ba zai fito daga bakina ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Ba haka aka rene mu ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, mutum biyu ne suka yi fice da sunan nan tsakanin Rogo da Karaye: Baba, wanda ɗan kokawa ne, da wani Alhaji mai sayen gyaɗa da hatsi a Karaye. Sunansu ɗaya, sunan ubanninsu ma ɗaya, alhali ko dangin nesa ba su haɗa ba.

Da farko sunan na Baba ne. Ina ƙarama, idan aka gama girbi aka kai dawa rumbu, sai a share fili a bayan gari, makaɗa su zo. Mu 'yan mata a kan tarin kara muke hawa muna leƙe. Ba na ganin komai sai ƙeyoyin mutane, amma da na ji fili ya ɗauki sunan nan baki ɗaya, na san an gama. Daga Falgore ake zuwa da ƙarti, a koma da su suna kakkaɓe ƙasa. Ba a taɓa kai Baba ƙasa ba. A lokacin, in ka ambaci sunan a kasuwa, shi kake nufi. Ɗayan kuwa sai ka ƙara da "mai gyaɗa" kafin a gane.

Sai zamani ya juya. Gwiwa ta matsa wa Baba, ya bar fili ya koma gonarsa. Samari suka koma ƙwallo. Alhaji kuma Allah ya buɗa masa, aka rubuta sunan a goshin motocinsa, da ƙofar sito, da jikin rijiyar da ya haƙa wa unguwa. Ban ga laifinsa ba, guminsa ne. Amma wata rana muna tasha da Baba, yaron mota ya tambaye shi sunan da zai sa a buhunsa. Da Baba ya faɗa, yaron ya washe baki ya ce, "Irin na Alhaji?" Baba ya ce, "Irin nasa." Ni kuwa kamar in shaƙe yaron nan.

Mu 'ya'yan Baba duk mata ne. Yayyena sun haifi maza, amma kowanne sunan dangin ubansa aka sa masa. Baba ya tsufa ba shi da takwara, kuma bai taɓa roƙon kowa ba. Ni ce auta, ni yake kira Uwata, don sunan mahaifiyarsa na ci. Aure ya kai ni Karaye, maigidana kuma a siton Alhajin nan yake awo. Da na sami ciki, shi da kansa ya ce in namiji ne sunan Baba za a sa. Na gaya wa Inna, mahaifiyata, ita kuma ba ta iya riƙe magana. Daga baya ta ce tun ranar Baba ya ware wata 'yar tunkiya yake ba ta dusa ita kaɗai.

Allah ya kawo namiji. Ranar suna Baba ya taso daga Rogo da sassafe a bayan babur, da 'yar tunkiyar a cinyarsa. Liman ya yi addu'a, aka sanar da suna a ƙofar gida. Ina ɗaki, ƙanwar maigidana ce take kawo mini labari. Ta ce ana faɗar sunan jama'a suka ɗauka, "Alhaji ya yi takwara, Allah ya raya wa Alhaji." Kafin rana ta yi zafi sai ga motar Alhaji da ƙaton rago da buhun shinkafa da atamfofi. Maigidana ya durƙusa ya yi godiya, bai gyara wa kowa zancen ba. Baba ya kewaya ya ɗaure tunkiyarsa a turken baya, ya dawo ya zauna a gefen tabarma.

Da maigidana ya leƙo ɗaki na ce, "Malam, wa ka yi wa takwara?"

Ya ce, "Ai kin sani."

"Ni na sani. Su na waje fa?"

Ya ce, "To in ce wa mutumin da nake ci a ƙarƙashinsa ya kwashe ragonsa?"

Gaskiya ya faɗa. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, har kunun da aka dama mini ya huce ban taɓa ba.

Da yamma mata suka cika gida. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ko kuka yake sai ta kau da kai kamar ba ta san daga inda ya fito ba. Laƙabin da za a riƙa kiransa da shi ma manya ne suke zaɓa. Surukata ta riga ta yanke: Alhaji Ƙarami. Ina zaune a ƙuryar gado cikin lulluɓi ina jin laƙabin yana yawo daga baki zuwa baki, kowace ta ɗauki yaron sai ta maimaita. Na san in aka kwana a haka, shi ke nan, ya zauna.

Ana cikin haka na ji sallamar Baba daga bakin zaure. Zai koma Rogo, ya zo ya yi mini sai an jima. Mata suka gyara mayafi, aka ba shi hanya har ƙofar ɗaki. Ya ce, "Uwata, Allah ya raya. Zan kama hanya." Muryarsa lafiya lau, wannan ne ma ya fi ci mini rai. Yaron yana hannun gwaggona. Na yaye lulluɓi na ce, yadda na tsakar gida za su ji, "Gwaggo, miƙa Babana ya gaisa da takwaransa."

Babu macen da ba ta gane ba, don mace ba ta ce wa ɗanta Babana sai in sunan ubanta ya ci. Gwaggo ta zaro ido ta ce, "Ke, ɗan farin ne kike wa wannan rawar kai?" Inna ta rufe baki da gefen zane, ban sani ba ko kunya ce ko dariya. Surukata ta tashi ta tafi duba tukunyar da ba ta buƙatar dubawa. Gwaggo dai ta miƙa yaron. Hannuwan nan da suka saba ɗaga ƙarti suka karɓe shi. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Uwata, bakinki dai."

Na sha surutu, ba ƙarya. An ce 'yar Rogo ba ta da ta-ido. Surukata ta yi ta amsa gaisuwata a taƙaice har na dawo daga wankan jego. Maigidana ya kwana biyu yana tsoron zuwa sito. Da labari ya kai wa Alhaji, sai aka ce dariya ya yi, ya ce shi ma yana saurayi ya sha tsayawa a rana don ya kalli takwaransa a fili, rago kuma an riga an ci. Laƙabin ya bi yaron. Maƙwabta, malaman makaranta, har surukar tawa daga baya, kowa Babana.

Baba ya rasu da daɗewa, Alhaji ma ya bi shi. An sayar da motocin, fentin rijiyar ya goge. Babana yana Kano yana sayar da wayoyi, bai taɓa shiga filin kokawa ba. Jikokin tunkiyar nan suna bayan ɗakina, sun ishe ni da ɓarna.

Abin da na fi tunawa wata yamma ce a Rogo, da kaka, yaron bai fi tsayin turmi ba. Baba yana nuna masa yadda ake kama ƙafa a tsakar gida. Yaron ya rungume gwiwar nan mai ciwo yana nishi. Baba ya yi tangal-tangal, ya tafi a hankali har bayansa ya kwanta a ƙasa, yaron ya haye cikinsa yana tsalle. Inna tana tankaɗe, ta ce, "Yau dai na ga an kai ka ƙasa."

Baba yana kwance ya ce, "In an tambaye ki wa ya yi kaye yau, wane suna za ki faɗa?"

Inna ba ta iya kama sunan, don na mijinta ne, sai ta ci gaba da tankaɗenta. Shi kuma bai yi saurin tashi ba.