Tiya Goma Sha Ɗaya a Kasuwar Wagini

Motoci shida muka fita daga Batsari ranar, mutum arba'in da ɗaya har da direbobi, sai 'yan sintiri huɗu a kan babura biyu. Nawa a ciki buhu talatin ne na wake da zan ɗauko a Wagini. Duk jarina ke nan, wanda na tara tun ina sayar da hatsi tiya-tiya a bakin tasha.

Tun da hanya ta lalace muka daina tafiya ɗaiɗai. Ayari muke yi, da dokokinsa. Tare ake fita, tare ake dawowa. Mota mai nauyi ita ce a gaba don kada a bar ta, ƙananan a baya. Da an sallame azahar sai a tashi, domin dole 'yan sintirin su koma garinsu kafin la'asar. Direban da ya girmi kowa shi muke kira madugu.

Mun ratsa ƙauyuka uku da na sani da masu ƙosai a bakin hanya. Biyu babu kowa, rumbuna a buɗe, dawa ta nuna a gona ba mai yanka.

A kasuwa aka jera mini buhunan a ɗinke. Na ɗaga ɗaya, na ji bai cika ba. Hannuna bai taɓa yi mini ƙarya ba. Na ce a kwance duka a sake awo, kuma a lokacin an riga an kira salla.

Akwai wani mahauci, maƙwabcin rumfata a Batsari, ya gama ɗaure awakinsa biyar a motar ƙarshe. Ya zo ya tsaya a kaina yana sakace.

"Alhaji, waken nan lefe za ka kai da shi?"

"Kai ma ba ka sayen akuya sai ka matsa gadon bayanta, mai wuƙa."

"Matsa ɗaya nake yi, ba na ƙirga gashinta."

Aka yi dariya, har da ni. Madugu bai yi ba. Ya ce, "Alhaji, rana tana tafiya."

"Saura buhu takwas, Baba."

Ya dubi sama, ya koma ya zauna a inuwar motarsa. Doka ta hana su bar ni, kuma na san da haka. Da ita na dogara.

Gab da la'asar muka tashi. A mararraba 'yan sintiri suka ɗaga mana hannu suka juya, lokacinsu ya yi. Gaba kaɗan akwai rafi mai yashi inda dole kowace mota ta rage gudu. Motar da ke ɗauke da wakena ce ta fara hayewa, huɗu suka biyo. Sai muka ji harbi a baya. Ba wanda ya tsaya, ita ma doka ce.

Washegari da safe muka koma da makara. Direban motar ƙarshen da mutum uku sun tsira ta cikin dawa. An shiga daji da biyu. Mahaucin yana kwance a yashi, takalminsa ɗaya can gefe.

A wurin zaman makoki ba wanda ya ɗora mini laifi. Madugu ya ce kwana ne ya ƙare, kowa ya ce haka ne. Ni ɗan kasuwa ne, na iya lissafi. Da mun tashi a kan lokaci, da babura biyun nan muka haye rafin.

Wake ya iso buhu talatin cif, ya kuma yi kasuwa. Cikon da na ƙwato a sake awon tiya goma sha ɗaya ne. A ɗaya gefen akwai mota guda da aka ƙone, da awaki biyar, da mutum biyu da suka yi wata uku a daji, ɗaya ya dawo ba ya iya takawa. Sai maƙwabcina, wanda har yau rumfarsa ke rufe kusa da tawa.